Ba Duk Na Tsaye A Tasha Ke Jiran Mota Ɗaya Ba

"Saura mutum biyu! Kaduna, saura mutum biyu mu tashi!" Da wannan ihu ɗan kamasho ya fizge jakata wata asuba a wata tasha a Kano, tun kafin in gama faɗin inda za ni. Na leƙa motar, na ga kuwa ta kusa cika. Ga wani a gaba yana jan carbi, ga wasu uku a baya, ɗaya har ya ɗora leda a cinya kamar mai doguwar tafiya. Na biya, na shiga, na yi addu'ar hawa mota. Ba a jima ba wata mata ta zo da goyo, sai mai leda ya ce bari ya je ya kama ruwa. Bai dawo ba. Da wani fasinja ya ƙara zuwa, mai carbi ya tuna bai karya ba. Haka suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har na hango biyu daga cikinsu sun koma motar da ke bin tamu a layi sun sake zama. Ashe ba matafiya ba ne, zaunar da su aka yi don mota ta yi kamar ta cika. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar tashar.

Wanda ya riga ya biya kuɗin mota ba shi da abin yi sai kallo, ni ma kallon na yi. Tasha maƙil take da jama'a, kowa a tsaye ko a tsugune, kowa da kayansa. Daga nesa sai ka ce abu ɗaya ne ya tara su. Amma da za ka bi su ɗaya-ɗaya ka tambaya, da ka ji dalilai barkatai. A nan ne wata magana da muke yi kullum ta faɗo mini a rai, wato "ba aiki a ƙasa". Mukan faɗe ta a dunƙule, mu haɗa manomin da ya gama girbi da yaron da ya gama bautar ƙasa da dattijon da aka rufe kamfaninsu, mu kira su marasa aikin yi, in an ji haushi ma a ce masu zaman kashe wando. Alhali zamansu ya sha bamban, kamar yadda jiran mutanen tasha ya sha bamban.

Tun farko ma, ba kowa ne fasinja a tasha ba. Akwai wanda ya rako ɗan'uwansa, akwai wanda ya fake wa rana, akwai yaron da aka aiko. Fasinja shi ne mai niyyar tafiya, ya shirya, yana ta tambayar mota. Haka masana tattalin arziki suke ware marar aiki: mutum ne da ya isa aiki, yana da lafiyar yin sa, yana nema, bai samu ba. Ɗalibin da ke aji, da tsohon da ya yi ritaya, da majinyacin da ke kwance, duk ba a sa su cikin lissafin. Sai an fitar da waɗannan sannan a san yawan masu jira na gaskiya.

Mafi sauƙin sha'ani a cikinsu shi ne wanda ya sauko daga motar Katsina yana neman ta Maiduguri. Ba a tafe yake ba a wannan lokacin, amma ba wanda zai tausaya masa, domin motarsa tana nan, wataƙila a ɗaya ɓangaren tashar take lodi. Irinsa ne birkilan da ya gama gini yau yana cigiyar wani, da malamar da aure ya kai ta wani gari tana neman makarantar da za ta koyar, da wanda ya bar ubangidansa don ya samu inda ya fi. Ko a ƙasashen da suka fi kowa arziki ba a rasa irin wannan jira, kuma ba aibu ba ne, tunda da kowa zai manne wa motar farko da ya shiga, da ba wanda ya isa inda yake so. Abin da ke tsawaita shi rashin labari ne: aiki na neman mutum, mutum na neman aiki, sun kasa haɗuwa. Ɗan kamasho, duk da abin da ya yi mini, wannan ne amfaninsa. Matsalarmu ita ce ɗan kamashon aikin ofis ba ya ihu kowa ya ji. Raɗa yake yi wa 'yan gida, mai uwa a gindin murhu ya shige, ɗan talaka kuma jiran wata uku ya zame masa na shekara uku.

Akwai kuma motocin da ba sa tashi sai ranar kasuwa. Mai son zuwa wani ƙauyen da ke cin kasuwar Wudil ya san Juma'a ce ranarsa, na Maigatari kuwa Alhamis. In ka zo ranar Litinin, ko ka yi kuka ba mota, kuma ba laifin kowa ba ne. Wannan shi ne rashin aikin da ke bin juyawar shekara, kuma babu wanda ya san shi kamar Bahaushe. Damina wata huɗu ce ko biyar, a wasu wuraren ma ba ta kaiwa. Da an yi girbi an kai amfani rumbu, sai ƙarti majiya ƙarfi su wayi gari da wata shida ko bakwai ba abin da gona ke nema a wurinsu. Daga nan aka samu cin rani. Samari su baro ƙauyukan Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, su bazu Kano da Abuja da Legas, wasu har Kumasi da Ankara, suna garuwa da dako da gadi da gyaran takalmi da yankan farce. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka ga tasha ta cika da masu komawa gida, kowa da ƙullin tsarabarsa. Na birni ma ba su tsira ba. Tela ba ya barci a goman ƙarshe na azumi, bayan salla kuwa sai ya yi ta gyangyaɗi a kan keke. Mai ƙanƙara sarki ne da bazara, da hunturu ya kama sai ya nemi wata sana'ar.

Kakanninmu ba su zauna suna kuka da wannan ba. Kusan kowane manomi yana da sana'ar rani: wani masaƙi ne, wani majemi, wani maƙeri, wani ya ɗaura wa jaki mangala ya tafi fatauci, mai fadama kuma ya yi lambu. Maganin zamani ma daga nan ya samo asali. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ta mayar da yankin Kura da Kadawa wurin da ake noma rani da damina. Je ka can a watan Fabrairu ka ga yadda ake neman hannun da zai tsinki tumatir. Ruwa ya sa motar da ke tashi sau ɗaya a mako ta koma tashi kullum.

Jira na uku ya fi waɗannan ciwo. Duk wanda ya taɓa zuwa tasha lokacin wahalar mai ya san shi. Motoci lafiyarsu lau, direbobi suna nan, fasinjoji sun yi cincirindo, amma komai ya tsaya cak. Kuma tsayuwar mota ɗaya ba ta tsayawa a kan direba. Yaron mota bai samu na abinci ba, don haka mai shinkafa da wake ta koma gida da rabin tukunya. Ita kuma ba ta sayi itace ba, mai itace bai biya mai amalanke ba. Mai faci na zaune, mai shayi na zaune. Kuɗin da wani ya kashe shi ne cinikin wani, idan kowa ya damƙe aljihu a lokaci guda, kowa zai rasa ciniki a lokaci guda. Wannan shi ne jigon abin da wani Baturen Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana a littafinsa na 1936, bayan ya ga karayar arzikin da ta sa a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka ba shi da aiki. Waɗannan mutane ba lalaci ne ya same su dare ɗaya ba, kasuwa ce ta mutu.

Mu ma mun ɗanɗana. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, zuwa farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi, 'yan kwangila suka kwashe kayan aikinsu, tattalin arzikin Nijeriya ya tsuke a shekarar, abin da ba a gani ba cikin sama da shekara 20. A 2020 kuma kullen korona ya sake tsayar da komai. A irin wannan hali, tara direbobi a koya musu ɗinki aikin baban giwa ne, domin ba ƙwarewa suka rasa ba. Mai ake buƙata a tanki: gwamnati ta biya albashi da bashin 'yan kwangila, ta buɗe ayyukan hanya da magudanan ruwa, kuɗi su sake zagayawa. Sai dai wannan na yiwuwa ne ga wanda ya yi tanadi lokacin yalwa, kamar yadda ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta koyar game da shekarun ƙoshi da na fari. Wanda ya cinye rumbunsa da kaka ba shi da abin buɗewa da bazara.

Jira na huɗu kuwa, a motar nan na ji labarinsa daga bakin mai shi. Wani dattijo ne ya zauna kusa da ni, da farar riga wankakkiya amma ta sha jiki. Da muka wuce Zariya hira ta yi daɗi, na ce, "Baba, a Kaduna ake zaune ke nan?"

Ya ce, "Tun ina saurayi, ɗana. Aikin masaƙa ya kai ni Kakuri. Na fi shekara 20 a gaban inji. Ko ban duba ba, da kunne nake gane zare ya tsinke."

Na ce, "To yanzu fa, Baba?"

Ya yi murmushi. "Yanzu gadi nake. Ranar da muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ce mana aka yi gyara za a yi, mu ɗan saurara. Wasunmu har suka koma ga Allah suna sauraron. Ni na iya aiki, ɗana, aikin ne ya bar garin."

Wannan dattijo shi ne mutumin da yake tsaye a inda motar garinsu ta saba lodi, bai san an fasa sabuwar hanya ta wani wajen ba, motocin sun daina biyowa ta nan har abada. Ko man fetur ya koma kyauta, tasa motar ba za ta zo ba. Masana na kiran wannan rashin aikin da sauyin tsarin tattalin arziki ke haifarwa, kuma tarihin masaƙunmu ya isa misali. A 1957 gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna. UNTL ta biyo baya a 1964, wasu suka yi ta ɓullowa a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Zuwa shekarun 1980 babu masana'antar da ta kai masaƙu ɗaukar ma'aikata a ƙasar, ga manoman auduga da 'yan gwadabe na sufuri da 'yan Kantin Kwari duk suna ci a ƙarƙashinsu. Sai abubuwa suka taru. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kamfani ya koma ƙona baƙin mai da dizal. Injuna suka tsufa ba a sabunta ba. Aka buɗe ƙofa ga yadin waje, na fasa-ƙwauri kuma ya yi ta kwararowa ta kan iyaka, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Dubban mutane irin wannan dattijo suka fito da ƙwarewar da ba mai saye.

Wani lokaci na'ura ce ke karkatar da hanyar. Ina masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya? Ina masu buga tafireta a ƙofar kotu? Bayan shigowar wayar salula a 2001, 'yan mata da samari sun ci abinci da lema da tebur suna sayar da kira, da waya ta shiga hannun kowa sai sana'ar ta ɓace kamar ba a yi ba. Injin niƙa da na casa sun raba mata da yawa da ɗan abin da suke samu a surfe da daka. Wani lokaci kuma doka ce, kamar hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, wanda ya tilasta wa masu babura neman adaidaita sahu ko barin gari. Wanda ya fi ban takaici shi ne matashin da mu da kanmu muka yankar masa tikitin garin da mota ba ta zuwa. Ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya fito da kwalin da babu ofishin da ke nema, a daidai lokacin da masu gini ke ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu ƙawata silin daga Togo da Binin. Ga kujeru a mota, ga fasinjoji a ƙasa, amma tikiti bai dace ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, sai dai mai shekara 55 ba ya koyon sabuwar rawa cikin mako biyu. Wannan jira yana buƙatar koyon sana'a na gaske mai ɗaukar lokaci, da gyaran manhajar makarantu, da kuma wutar da za ta sa wani ya yarda ya sake kafa masana'anta.

Yanzu mu koma ga abokaina masu leda da carbi. Duk wanda ya leƙa motar zai rantse matafiya ne: suna zaune a kujera, ga kaya a cinya. Amma ba inda za su. Wannan shi ne ɓoyayyen rashin aiki, kuma a ganina shi ne ya fi yawa a wajenmu. Gonar da kaka ya noma da 'ya'yansa biyu, yau jikoki takwas ne a kanta, ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Kowa na fita da fartanya da safe, amma da za a cire huɗu, damin da za a ɗaure ba zai ragu ba. Shago ɗaya a kasuwa, yara biyar, ɗaya na miƙo kaya huɗu na kallon hanya. Ofis mai tebur uku, ma'aikata goma sha biyu, ana zuwa a sa hannu a watse. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Arthur Lewis, baƙar fata ɗan tsibiran Karibiyan wanda ya zama mai bai wa Kwame Nkrumah shawara bayan Gana ta samu 'yanci a 1957, ya yi bayanin wannan tun 1954: ƙasashe matalauta suna da rarar hannaye a karkara, ci gaba kuwa shi ne a samar da inda za a kwashe su su yi aikin da ke ƙara wani abu. Ɗan'uwan wannan shi ne wanda ya samu mota amma a kan buhuna a bayan a-kori-kura: mai digirin injiniya da ke tura baro, ko mai son aikin yini guda da ba ya samun sai na awa biyu.

A nan ne alƙaluma ke rikita mutane. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta fito ta ce a farkon shekarar kashi 4.1 ne. Jama'a suka yi ta mamaki, wane aiki ne ya sauko daga sama haka? Ma'aunin ne aka sauya. A da sai ka yi aikin awa 20 a mako kafin a fitar da kai daga sahun marasa aiki. A sabon tsarin, wanda ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa 1 a cikin kwana bakwai ta wadatar. Wato duk wanda aka gani a kujerar mota an rubuta shi matafiyi. Ba ƙarya hukumar ta yi ba, domin a ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, babu mai iya zama hannu rabbana. Dole ya yi 'yar buga-bugar da zai ci. Ita kanta hukumar ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aikin, irin wannan aikin da ba rajista ba fansho suke yi. Tambayar da ta dace da mu ita ce, motar da mutum yake ciki tana tafiya kuwa?

Ban manta da wanda ya ƙi kowace mota sai mai sanyi, kuma gidan gaba ba. Akwai shi, kowace unguwa ta san nata. Ya fi son ya yi shekara bakwai yana yawo da takardu a ambulan da a gan shi da baƙin mai a hannu. Girman kai rawanin tsiya, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Amma zalunci ne a ɗauki laifin wannan ɗaya a shafa wa duk 'yan tasha, kamar yadda wasu manya ke yi in an ba su abin magana.

A bayan duk waɗannan akwai lissafi mai sauƙi: fasinja na ƙaruwa, mota ba ta ƙaruwa. Nijeriya ta haura mutum miliyan 200, sama da rabinsu ba su kai shekara 20 ba, Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da al'ummarsu ta fi saurin ƙaruwa a duniya. Kowace shekara sabbin matasa na shigowa tasha. Mai kuɗin da zai sayo sabuwar mota kuma yana duban hanya kafin ya saka dukiyarsa. Wutar da ake raba wa ƙasar nan baki ɗaya ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, bashin banki ruwansa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, 'yan bindiga sun raba manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato da gonakinsu sun turo su birni. Wa zai sa sabuwar mota a hanyar da ke da ramuka da 'yan fashi?

Saboda haka idan na ga an tara matasa a fili, an kira 'yan jarida, an raba wa kowa keken ɗinki iri ɗaya da sunan yaƙi da zaman banza, sai in tuna da tashar nan. Manomin da ke jiran damina ruwa yake so. Wanda kasuwa ta mutu masa mai saye yake so. Dattijon Kakuri sabuwar hanya yake so, yaron da ya gama bautar ƙasa kuma a yi masa adalci a faɗi gurbin aiki kowa ya ji. In ka cika unguwa ɗaya da teloli alhali masu ɗinki ba su ƙaru ba, ka ƙara yawan masu zama a motar da ba ta tafiya ne kawai, shi ya sa wasu kekunan kan koma kasuwa kafin wata ya mutu.

Ɗan kamasho bai yi boko ba, amma ba ya tura mutum mota sai ya tambaye shi, "Ina za ka?" Ina kira ga masu mulki da masu hannu da shuni, da mu iyaye da ke da matasa a zaure, mu koyi wannan tambaya. Kafin ka zagi na zaune, kafin ma ka ba shi tallafi, zauna kusa da shi ka ji irin motar da yake jira.